Dala dubu hamsin da G.L.O.S.S. ta ƙi karɓa ba asara ba ce

Tun da kamfanin Songtradr ya sayi Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi a intanet, daga hannun Epic Games a 2023, ya kuma sallami kusan rabin ma'aikatansa, masu bibiyar ƙananan mawaƙa ke zaman ɗar-ɗar, domin a wannan shafi ne waƙoƙin ɗimbin ƙungiyoyin da ba su da ubangida suke ajiye. Fargabar tana da tushe. Abin da ya ɓata mini rai shi ne darasin da wasu suka ciro daga ciki, wai da irin su ƙungiyar kiɗa ta G.L.O.S.S. sun yi hankali sun rattaba hannu da babban kamfani, da aikinsu yana wuri mai tsaro, da kuma har yau suna kiɗa. Mai faɗin haka bai taɓa zama ya karanta takardar kwangilar waƙa ba.

Mutum biyar ne suka kafa G.L.O.S.S. a 2014 a Olimpiya ta jihar Washinton a Amurka, garin da ƙungiyar kiɗa ta Bikini Kill ta fito a 1990. Sadie Switchblade, mace mai sauya jinsi, ita ke riƙe da makirufo. Kiɗansu pank ne mai zafi da gudu, waƙoƙin kuma a kan cin zarafin mata da masu sauya jinsi da masu neman jinsinsu, da zaluncin 'yan sanda. A Janairun 2015 suka saki faifan gwaji mai waƙa biyar, duka kimanin minti takwas. A Yunin 2016 suka fitar da Trans Day of Revenge, shi ma waƙa biyar, a daidai makon da aka kashe mutum 49 a Pulse, gidan rawa na masu neman jinsinsu a Orlando. Kafin Satumba ta ƙare sun sanar da rabuwarsu. Gab da haka ne suka ƙi tayin dala 50,000 daga kamfanin waƙa na Epitaph, saboda alaƙarsa da babban kamfanin Warner wajen rarraba faya-fayai.

To, mu yi lissafi. A irin wannan kwangila kuɗin galibi kafin-alƙalami ne, bashi ne da ake cirewa daga kason mawaƙi. A ce kasonsu kashi 20 cikin ɗari ne na ciniki: sai an sayar da kayan dala 250,000 kafin su ga ko sisi a kan abin da aka ba su da farko. Daga cikin dubu hamsin ɗin ake biyan situdiyo da mai tace sauti. Ko da ba a taɓa komai ba, a raba biyar, kowa ya tashi da dubu goma kafin haraji, kuɗin da ba zai riƙe mutum shekara guda a Amurka ba. Sannan a al'adar sana'ar, asalin naɗin yakan koma mallakar kamfani, tare da sharaɗin faifai na biyu ko na uku idan kamfanin ya ga dama.

Kwatanta da hanyar da suka bi. Bandcamp yana yankar kashi 15 a kan waƙar da aka sauke, kashi 10 a kan faifai da riga, sauran ya tafi aljihun mawaƙi bayan ɗan kuɗin hada-hada. Faifan garmaho mai inci bakwai yana ɗaukar minti huɗu zuwa biyar a kowane gefe idan yana juyi 45 a minti, don haka waƙoƙinsu na minti ɗaya da rabi sun shiga daram. Ƙananan ƙungiyoyi kan buga kwafi 300 zuwa 500. Ana fara yanka sautin a kan faranti na musamman, a yi hatimin ƙarfe, a aiko da 'yan kwafin gwaji. A nan ake kama matsala: in bes, wato sauti mai kauri, ya yi nauyi allura za ta riƙa tsalle, in an cusa mintoci da yawa a gefe ɗaya sauti zai yi ƙasa. Aiki ne da ƙananan kamfanonin abokai suka iya, kuma su suka yi wa G.L.O.S.S.

Batun tsaro kuwa shi ne mafi rauni. Gobarar 2008 a ma'ajiyar babban kamfanin Universal ta cinye tarin asalin naɗe-naɗen manyan mawaƙa, kuma jama'a ba su san girman ɓarnar ba sai a 2019. A 2019 ɗin ce shafin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora masa cikin shekara goma sha biyu. Ina tsaron yake?

Masu cewa da kuɗin sun hana su watsewa sun juya labarin ne kai a ƙasa. Su da bakinsu suka ce yawan idon da ke kansu ne ya fara taɓa lafiyarsu da zaman gidajensu. Ga mai sauya jinsi a Amurka, shahara tana zuwa da barazana. A Oktoban 2015 an yi musu ba'a mai muni daga shafin Twitter na ƙungiyar Whirr, har kamfanin da ke buga wa Whirr faifai, Run For Cover, ya raba gari da Whirr ɗin. Kwangilar Epitaph ƙarin hira da 'yan jarida za ta kawo, da ƙarin yawon wasa, da ƙarin wannan idon. Wanda ya ce su daure don mu ci gaba da jin daɗi, son kansa yake yi, kuma ya kamata ya ji kunya.

Abin da ke cikin haɗari na gaske shi ne tarihin. Mujallar Maximum Rocknroll, wadda ta buga sanarwar rabuwarsu, ta daina fitowa a takarda a 2019. Duk mai son wannan kiɗa ya sayi waƙoƙin ya sauke su a tsarin FLAC da ba ya rage ingancin sauti, ya adana a na'ura biyu daban-daban. Masu takardun tallan wasa da kaset-kaset su ɗauki hotonsu su ɗora a ma'adanar intanet ta Internet Archive, ko su miƙa wa ɗakunan karatu irin na Fales a Jami'ar New York, wanda ya riga ya tattara takardun matan pank na shekarun 1990.