Ranar da Na Mayar da Maigida Damisa

Sati uku da tarewata na ɗaukar wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni. Maigidana bakanike ne, garejinsu yana can wajen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, mu kuma muna zaune a Ƙofar Marusa, gida ɗaya da Inna, mahaifiyarsa. Kullum da magariba in ya dawo, a zaure yake tuɓe kayan aikinsa ya rataye a ƙusa, sannan ya shigo. Riga da wando ne, kuma an ce mini asalinsu shuɗi ne. Ni dai ban ga shaida ba. Wandon nan, saboda giris da ƙurar da suka daskare a jikinsa, in ka ajiye shi a ƙasa zai iya tsayawa da ƙafafunsa ya jira mai shi.

Na tambaye shi yaushe rabon da a wanke su. Ya ɗaga kai sama yana lissafi, can ya ce yana jin tun kafin a cire tallafin mai ne. Wato tun kafin Mayun 2023! Ya ƙara da cewa, "Ki bar su kawai, ba aikinki ba ne, yaran gareji za su yi."

Da baki na ce to. A zuci kuwa cewa na yi sai unguwar nan ta san an kawo mace gidan nan.

Dama ta samu ranar wata Alhamis, da ya yi sammako ya tafi Kano sayen kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa. Lokacin hunturu ne, iska na kaɗawa, ruwan dam ɗin Ajiwa kuma bai zo famfo ba, don haka na tsayar da mai ga-ruwa na sayi jarka 4. Na cika babban baho, na zazzage omo, na kaɗa har kumfa ta yi tozo. Na je zaure na ɗauko kayan da yatsu biyu na tsunduma. To, a nan shaiɗan ya raɗa mini cewa ruwa fa da tsada, ga kumfa za ta tafi a banza, ga kuma farar shaddarsa ta Juma'a tana jiran wanki. Ita ce wadda ya sa ranar ɗaurin aurenmu. Na haɗa su baho ɗaya, na ce su jiƙu tare, ai duk na mutum ɗaya ne.

Ko minti goma ba a yi ba kumfar ta mutu murus. Da na leƙa, sai na ga ruwan ya koma kamar na kwata, saman sa yana wani walƙiya mai launi-launi, ga ƙananan ƙwallayen baƙin mai suna yawo suna neman wurin sauka. Sun kuwa samu. Na ɗago shaddar nan, na ga ta koma zabuwa. Kayan aikin kuma suna nan yadda suke, sai ma taurin da ruwan sanyi ya ƙara wa giris ɗin.

Na waiga, Inna tana ɗaki tana lazimi. Na ɗauraye shaddar cikin sauri, na shanya ta bayan ɗaki, iskar hunturu ta busar da ita nan da nan. Sai na zuba gawayi a dutsen guga na bi tabon ɗaya bayan ɗaya ina dannawa da ƙarfina, wai zafi zai narkar da man ya gudu. Ya narke ɗin kam, amma cikin zaren ya shige ya yi zamansa. Na ninke ta na tura ƙarƙashin katifa, na koma kan kayan aiki da fushi biyu.

Wannan karon bilic na ɗauko, na tuttula rabin kwalba. Abin da ban sani ba, shi bilic ba ruwansa da maiƙo, launi yake ci. Duk inda giris ya rufe yadin, bilic bai samu hanyar shiga ba. Duk inda babu giris kuwa ya cinye shuɗin tas. Aƙalla dai na tabbatar da cewa asalinsu shuɗi ne, don na ga shuɗin da idona yana fita yana bin rariya. Abin da ya rage a hannuna riga da wando ne masu ɗigon fari da baƙi da ruwan ƙasa, sak fatar damisa.

Maƙwabciyata, wadda ashe tun ɗazu take kallo ta kan katanga, ta ce, "Amarya, ai fetur ake sa wa. Mai shi ke fidda mai." Ita mijinta tela ne, amma ban tsaya tambayar inda ta samo wannan ilimi ba. Na aiki almajirinmu wurin 'yan bumburutu ya sayo mini kwalba guda da kuɗin cefanen da aka bar mini. Na durƙusa a tsakar gida na fara tsiyayawa a kan wandon. Taku huɗu daga inda nake, kurfoti ne da garwashi jajir, wake yana tafasa a kai.

Inna tana da ciwon gwiwa. Daga ɗakinta zuwa bakin rijiya sai ta huta sau biyu. Amma ranar, ban ga fitowarta ba, sai dai na ga mutum ya wuce ni kamar iska, ya suri jarkata ta ƙarshe ya juye a kan kurfoti. Garwashi ya yi cuuu, toka ta tashi, tukunyar wake ta kife.

"Ke ɗiyar nan, mi muka yi maki? Gidan za ki tada mana?"

Na ce, "Inna, ai ban kai shi kusa da wutar ba."

Ta ce, "Shi fetur sai an kai shi? Tururinsa ƙasa yake bi yana rarrafe, shi zai je ya gaida wutar da kansa, ya dawo maki da ita har cikin zane."

Ta zauna a kan turmi tana haki, sai a lokacin gwiwar ta tuna da ita. Da ta huce ta dubi damisar da ke cikin baho, ta yi dariya har da hawaye. Ashe marigayi Baba, mijinta, direban babbar mota ne, shekaru yana bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, kuma duk baƙin man da ya kwaso ita ta wanke shi. Malamar tana cikin gida, ni kuma na tafi neman fatawa ta kan katanga.

Ta sa na ɗauko wata tsohuwar rigar aikinsa da ban taɓa ba, ta ce in zuba ido. Ba ta kai ta kusa da ruwa ba sam. Cokali ta fara ɗauka ta kankare giris ɗin da ya yi tudu, tana shafewa a jikin kwali. Ta tura wani kwalin cikin rigar don kada man ya ratsa zuwa baya. Ta barbaɗa garin sitaci a kan tabon da ke da danshi, ta ce alli ma yana yi, ko tankaɗaɗɗiyar toka, aikinsu su tsotse man. Muka bar shi har muka share waken da ya zube. Da ta kakkaɓe, garin ya koma ruwan toka. Sannan ta ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke a kan busasshen yadin, ta bi shi da tsohon buroshin haƙori, daga gefen tabon tana turowa tsakiya, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ta ce abin da ke cire man ja daga kwano shi ke cire wannan, amma sai an ba shi lokaci ya kama. Bayan kamar rubu'in awa ta sa aka dafa ruwa a gidan maƙwabta, tunda wutarmu ta riga mu gidan gaskiya, ta wanke rigar ita kaɗai da ruwa mai zafin da hannu zai iya jurewa. Tabon bai fita duka ba, ta sake maimaitawa. A karo na biyu sai ga shuɗi ya bayyana.

"Kuma ko da wasa kada ki sa masa dutsen guga sai kin ga ya fita," in ji ta. "In kika goge shi, kin ɗaura masu aure ke nan."

Na yi tsit. Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta ce, "Ɗauko."

Da na ciro shaddar daga ƙarƙashin katifa, Inna ba ta yi dariya ba. Salati ta yi.

Maigida ya dawo bayan isha'i, a gajiye. Ya ɗaga wandon a gaban fitila ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga shaddar ita ma. Na riga na tanadi hawaye, amma sai ya zauna ya fara yi mini darasi, wai giris an yi shi ne musamman don ya manne wa ƙarfe ya ƙi ruwa, kuma da wani irin sabulu ake kaurara shi. Na ce to sabulun nan ya ci amanar 'yan'uwansa. Baƙin mai kuma, in ji shi, hayaƙin inji ne da garin ƙarfe suka baƙanta shi, shi ya sa ko man ya fita sai baƙin ya tsaya gardama. Inna ta leƙo ta ce ya rage surutu, amarya ba ta laifi. Tuwon gidan maƙwabta muka ci a daren.

Juma'a da tsohon yadi ya je masallaci. Shaddar an kai ta marina an rine ta baƙa, yanzu ita yake sawa zuwa ta'aziyya. Ranar Asabar kuwa rigar da Inna ta wanke ta samu, amma wando babu wani sai wanda na mayar damisa, don haka da shi ya tafi gareji.

Bayan kwana biyar muna zaune a tsakar gida, sai ga sallama a ƙofar zaure. Wani mutum ne motarsa ta mutu a hanyar Dutsin-ma, yana tambayar ko nan ne gidan Oga Damisa bakanike. Kafin in buɗe baki Inna ta ce wa almajiri, "Je ka ce masa nan ne. In kuma zane yake so a yi wa kayansa, mai yin tana ciki."