Alma Thomas da masu cewa "ai yaro ma zai iya"

Jiya bayan la'asar muna zaune a majalisa na miƙa wa wani abokina waya, na ce ya duba wani zane. Ko daƙiƙa uku bai yi yana kallo ba ya miƙo mini abata, ya ce, "Malam, wannan ai ko autana ka ba fenti zai yi maka irinsa kafin a kira magariba." Aka kwashe da dariya, ni ma na dara. Amma maganar ta kwana tana cina, shi ya sa na ce bari in zo nan in amayar da ita.

Zanen na wata Ba'amurkiya ce baƙar fata, sunanta Alma Thomas. Babu mutum a cikinsa, babu gida, babu doki. Zobe ne cikin zobe, kowanne da launinsa, kuma kowane zobe an gina shi ne da gajerun shafar buroshi, kamar an jera ƙananan tubala. Duk wanda ya tashi a gidan da ake rufe ƙwarya da faifai, faifan ne zai fara faɗo masa a rai. A 1966 ta zana shi. A 2015, zamanin Obama, aka rataye shi a wani ɗakin cin abinci na fadar White House, kuma shi ne zane na farko daga hannun mace baƙar fata da ya shiga cikin kayan fadar na dindindin. Ban kawo wannan don in toshe bakin kowa ba, manya ma suna sayen shirme. Hujjata tana wani wuri daban.

An haife ta a 1891 a garin Columbus na jihar Jojiya, a kudancin Amurka, lokacin da wariyar launin fata take doka. A 1907 iyayenta suka tattara suka koma Washington, shekara guda bayan kisan gillar da aka yi wa baƙaƙen fata a Atlanta. A 1924 ta zama mutum na farko da ya kammala digiri a sashen zane na Jami'ar Howard. Daga nan ta shiga aji. Shekara 35 tana koyar da yara zane a makaranta ɗaya, ƙaramar sakandaren Shaw, har ta ajiye alli a 1960 tana dab da cika 70.

Shekara 35 ɗin nan ta tsaya mini, domin ita ce daidai wa'adin da ma'aikacin gwamnati ke ajiye aiki a Najeriya. Mun san abin da ke biyo baya: zaryar fansho da giratuti, tantancewa bayan tantancewa, sai benci a ƙofar gida da rediyo. Wasu ma mu muke zaunar da su da bakinmu, "Baba ai ka huta haka nan." Ita kuwa wannan baiwar Allah a lokacin ne ta fara aikin da duniya ta san ta da shi. Kuma ba daga sama ya faɗo mata ba. Tana koyarwa tana karatu: digiri na biyu a Jami'ar Columbia a 1934, sannan a shekarun 1950, tana kusan 60, ta koma aji ta zauna a matsayin ɗaliba a wata jami'ar Washington don ta ƙara sanin launi.

Da Jami'ar Howard ta shirya baje kolin ayyukanta a 1966, sai ta ga ba ta son ta fito da tsoffin kaya kawai. Ta zauna a bakin tagar gidanta da ke titi na 15, gidan da ta tashi a ciki, ta zuba wa wata bishiya da ke ƙofar gidan ido. Bishiyar nan ta shekara da shekaru a wurin. Abin da ta gani a ranakun nan shi ne abin da abokina bai gani ba.

Ka taɓa kwanciya a ƙarƙashin darbejiya da tsakar rana? Dubi tabarmar da kake kai. Za ka ga ɗigo-ɗigon rana sun zubo ta tsakanin ganye, iska na kaɗawa suna rawa, wani ya ɓace wani ya bayyana. In ka ɗaga kai ka ɗan kanne ido, ganyen ma ba ka ganinsa ɗaya-ɗaya, sai kore da haske suna musayar wuri. To wannan ta zana. Ta bar reshe da gindi ga mai kyamara, ta ɗauki rawar hasken. Shi ya sa tsakanin shafa da shafa take barin farin fili siriri, wanda bai taɓa zama daidai da na kusa da shi ba, kuma ta nan zanen yake numfashi. Ka cike wuraren nan, ya zama bangon da aka yi wa fenti. Ka daidaita su da ma'auni, ya zama tayil ɗin banɗaki. Kafin ta taɓa babban ƙyalle takan gwada launukan da fentin ruwa a kan takarda, ta ja layuka da fensir, har yau ana hango fensirin a wasu zanukan. Sanin wane ja ne zai zauna kusa da wane shuɗi ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba, wannan ne ya ci mata shekaru. Yaro zai iya ɗiga fenti, ban musa ba. Ɗiga shi sau ɗaruruwa, ido ya bi ya zagaya bai gaji ba, wannan wani abu ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe ne ke wannan gardama. Mu da muka tashi cikin zanen da ba hoton komai ba ne! Wa ya taɓa tare mai ɗinkin hula ya ce masa, "Wannan hoton mene ne?" Aska takwas a gaban babbar riga, zayyanar allon mai sauka, adon bangon tsoffin gidajen Zariya da Kano, duk layi ne da launi da maimaici. Muna kallo mu ce wannan ya ƙayatar, wancan hannun ɗan koyo ne, kuma ba ma kuskure. Idon muna da shi. Sai an sa abin a firam an ambaci dala muke tuna cewa wai ba mu gane ba.

Akwai sukar da ta fi ta abokina nauyi. Shekarun 1960 lokacin gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata ne, ana dukan mutane a titi, ana kashe shugabanni, ita kuma tana zana furanni da iska. Akwai masu ganin mai zane baƙar fata bai da hurumin wannan a irin wannan lokaci. Na ɗan jima ina jin suna da gaskiya. Amma ta halarci babban gangamin Washington na 1963, har ta zana shi, don haka ba a ce ba ta san abin da ake ciki ba. Ita ta faɗa cewa ta zaɓi ta mai da hankali kan kyau da farin ciki maimakon zaluncin da ɗan Adam ke yi wa ɗan'uwansa. Matar da a yarintarta ba a yarda irinta su shiga gidan adana zane ba, ban ga wanda ya isa ya tsara mata abin da za ta zana tana da shekara 75 ba. An hana ta abubuwa da yawa, sai kuma a hana ta kallon bishiyar ƙofar gidanta?

Da Amurka ta fara aika mutane duniyar wata, tsohuwar nan ta bi su da buroshi, ta yi jerin zanuka kan yadda duniya da taurari za su kasance daga can sama. A 1972, tana da shekara 80, gidan zane na Whitney da ke New York ya yi baje kolin ayyukanta ita kaɗai, karon farko da aka yi wa mace baƙar fata haka a wurin. A 1976, ciwon gaɓoɓi ya riga ya kama hannuwanta, ta yi wani zane na jajayen furanni mai faɗin kusan ƙafa 13. Ta rasu a Fabrairun 1978.

Abokin nawa dai har yanzu yana kan bakansa. Mun yi da shi ranar Asabar zan sayi fenti da buroshi da kwali in kai wa autan nasa. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗin in yaron ya gama, ni zan nemo mai saye.