Gansakukar kwalba da haihuwar mai jinyar ciwon daji

Matan Kanembu da ke gabashin tafkin Chadi sun daɗe suna kwasar wata irin gansakuka daga saman tafkunan kanwa, su zuba ta a ramin yashi, rana ta busar da ita ta zama ɓawo kore. Dihe suke ce mata, kuma a miya take ƙarewa. Ita ce yau ake ɗurawa a kwalba da sunan spirulina. Ba ni da ja da ita a matsayin abinci. Abin da ya dame ni shi ne tallan da ke yawo a WhatsApp cewa tana kare haihuwar namiji daga illar kemo, wato jinyar ciwon daji da magunguna masu ƙarfi.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Magunguna irin su cyclophosphamide da cisplatin suna kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, ba ruwansu da na cuta ko na lafiya, kuma ƙwayoyin da ke samar da maniyyi a maraina suna cikin masu saurin. Wani haihuwarsa takan dawo bayan 'yan shekaru, wani kuma shi ke nan. Masu bincike sun haɗa wa ɓeraye waɗannan magunguna da spirulina, suka ga ɓarnar ta ragu. Nan masu talla suka samu abin riƙewa.

To amma ɓeran nan lafiyarsa ƙalau, ba ƙari a jikinsa, ba wanda ke jiran ya ga ko kemo ya ci cutar. Shi kuwa mara lafiya wannan ce babbar damuwarsa. Sinadaran da ake yaba wa spirulina da su, masu rage ƙonewar ƙwayoyin jiki, su ne likitoci ke tsoron kada su kare ƙarin shi ma. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019 kan mata masu sankarar mama ya nuna alamar cutar ta fi dawowa ga waɗanda suka sha irin waɗannan sinadarai lokacin kemo. Ga kuma gubar da akan samu a gansakukar da aka noma a gurɓataccen ruwa.

Hanyar kare haihuwa da ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka ta tabbatar tun 2006 ita ce a ɗebi maniyyi a daskarar da shi kafin allurar kemo ta farko. An samu cikin farko da daskararren maniyyi tun 1953 a jihar Iowa. Lance Armstrong, ɗan tseren keke, ya ajiye nasa a 1996 kafin jinya, da shi ya samu ɗansa na fari.

Kunya ce ke cin wannan dama a wurinmu. Saurayi yana zaune gaban likita, mahaifinsa na gefe, wa zai fara ambatar maniyyi? Likitan ne ya kamata ya ce, "Baba, ɗan ba mu wuri," ya yi wa yaron bayani a ranar da aka faɗa masa sunan cutar, tun kafin a rubuta ranar fara kemo.