Karatu kyauta a Jamus: kuɗin makaranta kaɗai aka yafe

Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023, sannan Birtaniya ta hana mafi yawan ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyalansu daga Janairun 2024, hankalin matasanmu masu son karatu a Turai ya karkata zuwa Jamus. Kalmar "kyauta" ce ke jan su, kuma ba ƙarya ba ce, domin yawancin jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin koyarwa ko daga baƙo, ban da wurare irin jihar Baden-Württemberg, wadda tun 2017 take karɓar yuro 1,500 a kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba.

Damuwata ita ce yadda ake tsayawa a kan wannan kalma, a manta da ci da sha da wurin kwana. Ɗalibin da ba shi da tallafin karatu ko mai tsaya masa a can ba zai samu biza ba sai ya ajiye kuɗin zaman shekara guda a wani asusu da ake kullewa, wanda tun Satumbar 2024 ya kai yuro 11,904, wato kusan naira miliyan 20 a canjin 2025. Yuro 992 kawai zai iya cira a wata, kuma daga ciki zai biya inshorar lafiya wadda wajibi ce, ya biya haya, alhali ɗaki ɗaya a birni kamar Munich yana iya cinye fiye da rabin kuɗin. Uban da ya sayar da gona ko fili ya haɗa na shekarar farko, sai ya tambayi kansa daga ina na shekara ta biyu zai fito.

Amsar da aka saba ji ita ce yaro zai yi aiki, kuma doka ta yarda masa da kwana 140 cikakku a shekara. A nan ne maganar harshe take shigowa, kuma a ganina ta fi maganar kuɗi nauyi. Akwai darussan digiri na biyu masu yawa da ake koyarwa da Turanci, amma wasiƙar ofishin kula da baƙi da yarjejeniyar haya da Jamusanci suke zuwa, haka kuma mafi yawan ayyukan da ba na ɗaukar kaya a rumbun ajiya ba suna buƙatar harshen. Wanda ya kammala karatu ana ba shi wata 18 ya nemi aikin da ya dace da shaidarsa, kuma wanda bai iya harshen ba yakan ga wa'adin nan yana ƙarewa yana kallo.

Saboda haka nake ganin kuɗin da ake zuba wa dillalan neman gurbi, alhali ɗalibi yana iya nema da kansa ta shafin jami'a ko ta uni-assist, wato cibiyar da ke tantance takardun ɗaliban waje a madadin jami'o'in Jamus da yawa, gara a kashe shi wajen koyon Jamusanci a gida har matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshe. Cibiyar Goethe, mai koyar da Jamusanci, tana Legas, wanda ya yi wa ɗan Sakkwato ko Maiduguri nisa, ko da yake DW tana da darussa kyauta a intanet. Ya kamata hukumomin ba da tallafin karatu na jihohinmu su sanya shekarar koyon harshe cikin kasafinsu, kafin su saya wa kowa tikitin jirgi.