Tun Yaushe Ceto Ya Zama Hajar Kasuwa?

Makon jiya wata gwauruwa 'yar zumuntar mata ta nuna mini 'yar kwalbar man zaitun da ta sayo a wani taron farkawa da baƙin masu wa'azi suka yi a nan Zuru. N5,000 ta biya, kuɗin dawar da ta sayar, ita da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu a yankin Danko-Wasagu. An ce mata in ta shafa man a bakin ƙofa, ta kuma "shuka iri", wato ta sa kuɗi cikin ambulan, ba abin da zai taɓa gidanta, sunanta kuma ya shiga littafin rai. Na juya kwalbar, sai ga takardar farashin kantin da aka saro ta, ko ɓarewa ba su yi ba.

"Baba, ai bangaskiya ce," in ji ta. Ban ga laifinta ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Da mai miƙa takobin nake.

Wannan ciniki tsoho ne. A Ayyukan Manzanni sura 8, Siman mai sihiri na Samariya ya kawo kuɗi yana so ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Na'aman ya warke daga kuturta, ya zo da kaya niƙi-niƙi, annabi Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala. Gehazi baran Elisha da ya bi Na'aman a guje ya karɓo, shi kuturtar ta koma wa. A 1517 ma abin da ya harzuƙa Martin Luther a Jamus ke nan, takardun gafara da ake tallatawa. Yau takarda ce ta koma kwalba.

Mu mutanen ƙasar Zuru mun san golmo: saurayi ya yi shekara bakwai yana noma gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Can gumi ne ke biya. To, ceto ba golmo ba ne. Bulus ya faɗa wa Afisawa (2:8-9) cewa da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, kyautar Allah ce, ba sakamakon ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, wane ambulan ya cika? Hannuwansa a kafe suke, amma a ranar aka yi masa alkawarin Firdausi.

Masu kwalaben nan za su jawo Malakai 3:10 mai batun ba da zakka, da maganar Yakubu cewa bangaskiya ba ayyuka matacciya ce. Su ƙarasa karatun mana: aikin da Yakubu ya ambata shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, ba tatse su ba. Baiko na murna daban, kuɗin fansa daban, kuma mun san su wa ke karɓar kuɗin fansa a dazukan nan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shirun shugabanninmu. Fastocin ikkilisiyoyin UMCA da ECWA da Baptis da Katolika duk suna ganin takardun tallan nan manne a bango, amma kowa na tsoron a ce yana hassadar "bawan Allah". Shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN su riƙa tambayar duk baƙon mai wa'azi wace ikkilisiya ce ta aiko shi kafin a ba shi fili. Dattawa kuma su zauna da zumuntar mata su karanta Afisawa aya-aya, da Hausa da C'lela, kafin kakar bana ta shigo masu kwalabe su dawo.