Su narka dalma a kan jariri, mu kuma hayaƙinmu ne sihiri?

Matar wani ɗan'uwanmu ce, mai jego, kwananta goma sha biyu da haihuwa, suna zaune a hawa na huɗu na wani dogon bene a unguwar Esenyurt ta Santambul. Da magariba ta yi abin da kowace mai jego take yi: ta sa garwashi a kasko, ta zuba turaren da mahaifiyarta ta aiko mata daga Kano, ta zagaya ɗaki. Hayaƙi ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita matattakala. Ba a kai ga kiran isha'i ba sai ga tsohuwar hawa na uku tana dukan ƙofa, ta toshe hanci da bakin ɗankwalinta, tana nanata kalma ɗaya: buyu, buyu. A Turkanci sihiri ke nan. Washegari aka wayi gari da takarda liƙe a ƙofar shiga benen, wai an hana ƙone-ƙone a cikin gidaje.

Da a nan maganar ta tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Bayan mako biyu yaron ya shiga kukan dare, sai ga tsohuwar nan ta sake hawowa, wannan karon da fara'a da farantin abinci. Ta ce, "'Yata, ido ne ya kama yaron nan. Bari in kira miki matar da za ta zuba masa dalma." Mai jego ta ce, "Na gode Inna, Allah ya saka da alheri," ta rufe ƙofarta.

To bari in gaya muku mene ne zuba dalma, don na san da yawa a gida ba su taɓa jin labarinsa ba. Turkawa suna ce masa kurshun dokme. Ba kowace mace ke yi ba, sai wadda ta gada ko wadda wata tsohuwa ta "ba ta hannu", kamar yadda suke faɗa. Tana zuwa da ludayin ƙarfe da gutsuren dalma da bai fi girman goro babba ba, irin wadda masunta ke ɗaura wa ƙugiya. A zaunar da wanda za a yi wa a tsakiyar ɗaki, a lulluɓe shi da zanen gado tun daga ka. A cika kwanon ƙarfe da ruwan sanyi, sau da yawa a ɗora shi cikin rariya tare da gutsuren burodi da albasa da gishiri, wasu su ƙara allura ko madubi. Ita kuma ta aza ludayi a kan wutar gas. Dalma ba ta da wuyar narkewa, a digiri 327 take zama ruwa, mintuna kaɗan sai ka ga ta kwanta tana ƙyalli kamar azurfa. Sai a ɗaga kwanon saitin kan mutum, ta yi bisimilla, ta ce, "Ba hannuna ba ne, hannun Uwarmu Faɗima ne," ta tuttula dalmar cikin ruwa. Ƙarar da ke tashi kamar an jefa ɗanyen nama cikin tafasasshen mai, wani lokaci har da fashewa. A maimaita saitin cibiya, a maimaita saitin ƙafafu. Uku ke nan.

Daga nan sai karatu. Ta tsamo dalmar da ta daskare ta jujjuya ta a tafin hannu. In ta fito da tsinaye kamar ƙaya, ido ne ya yi yawa. In akwai ramuka zagayayyu, idanun mahassada ne, har ta ƙirga maka su. In ta fito sumul tana sheƙi, zuciya ta wanke. Ruwan kuma a shafa wa mutum a fuska da hannuwa, wasu har su kurɓa, ragowar a zubar a mararraba ko gindin bishiya, burodin a jefa wa karnuka.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da maƙera ya san abin da ke fitar da siffar. In dalmar ta yi zafi sosai aka zubo ta daga sama, ruwan da ta taɓa yakan zama tururi nan take ya tarwatsa ta, sai ta fito da ƙayoyi. In ta fara hucewa aka zuba daga kusa, sai ta dunƙule. Wato mai ludayi ce ke rubuta abin da za ta karanta, ko ta sani ko ba ta sani ba, in zubi na uku ya fi na farko kyau sai a ce ido ya fita. Haɗarin farko ƙuna ne: ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa cikin ludayi, ko a mayar da jiƙaƙƙiyar dalma kan wadda ta narke, sai ta yi tsartuwa ta fallatsa. Zanen gadon nan ba don aljanu ake lulluɓa shi ba, don wannan ne. Na biyu ya fi muni don ba a ganinsa. Dattin toka-toka da ke taruwa a saman narkakkiyar dalma ƙura ce mai guba, tana sauka a kan murhu da tabarma da hannun mai zubawa, ga ruwan da ake shafa wa fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi saurin ɗauka. Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Wannan abin ne aka zo za a narka a kan ɗan wata guda, a gidan da aka hana ƙona sandal.

Sai idon kwalba, nazar bonjuk, wata shuɗiyar kwalba mai siffar ido da suke ratayawa don tsarin ido. Shi kam ba ka tafiya taku ashirin ba ka gan shi ba: a saman ƙofa, a binne cikin siminti a bakin shago, a madubin tasi, a maƙale da fil a kafaɗar rigar jariri. Na asalin a ƙauyukan Izmir ake yi, musamman wanda sana'ar ta sa ake kira Nazarkoy. Murhun laka ne da ake hura wa icen fir mai ƙaro, a naɗo narkakkiyar kwalba shuɗiya a bakin sandar ƙarfe, a danne ta, a ɗiga fari a kai, a ɗiga shuɗi mai haske ko rawaya, a ƙare da ɗigon baƙi a tsakiya. In ya tsage, sai su ce ya tare ido, a sayo wani. Masu sana'ar sun san kwalbar da ba a bari ta huce a hankali cikin toka ba takan tsage ko ba wanda ya kalle ta. Yanzu ma da yawa na kasuwa roba ce, ita kuwa roba ba ta fashewa, ban san yadda masu ita ke gane ta yi aiki ba. Hukumar addini ta ƙasar, Diyanet, ta fito a 2021 ta ce rataya shi da fatan tsari bai halatta ba. Ko guda ɗaya ban ga an cire ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne su ma suna da hayaƙinsu. Wani tsiro ne, uzarlik, ana sayar da 'ya'yansa a wurin masu kayan gargajiya a Kasuwar Masar ta Santambul da kowace unguwa. A zuba cikin cokali ɗaya da ɗan gishiri a kan garwashi ko busasshen kasko, a zagaya kan mutum sau uku, 'ya'yan suna fashewa tas-tas, a ce idon maƙiyi ne ke fashewa. Warinsa kamar an ƙona tsumma. Suna sa wuƙa ko almakashi ƙarƙashin matashin mai jego, kamar mu. Suna ƙirga kwana arba'in, kamar mu. Suna birkice takalmin da ya kife, kamar mu. To in hayaƙi ɗaya ne, tsoro ɗaya ne, me ya mayar da nasu al'adar kaka, namu sihiri? Hannun da ke riƙe da kaskon ne, ba wani abu ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ba zan ce mu wankakku ba ne. Kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai a gida shi ma da dalma a cikinsa, kuma ya kamata a daina. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka alaƙanta kunun kanwa mai yawa da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego. Masu binne ƙaho a bakin ƙofar kishiya kuwa kowa ya san su. Amma waɗannan mu da kanmu muke sukar su, a masallaci da rediyo da asibiti. Abin da uwar gida ta gari take yi kullum kuwa, ku duba shi da kyau: Falaƙi da Nasi da Ƙulhuwallahu a tafin hannu a shafa wa yaro, Ayatul Kursiyyu a kusurwoyin ɗaki, ganyen magarya bakwai a daka a zuba a ruwan wanka, habbatussauda a garwashi. Magana ce da ruwa da ƙamshi. Ko a Muwaɗɗa, da ido ya kama Sahlu ɗan Hunaifu, wanda ya yi kallon aka sa ya wanke gaɓoɓinsa aka zuba wa Sahlu ruwan. Ba a narka komai ba. In ma wani ya ce wasu daga cikin namu ba su da asali, to aƙalla ba sa ƙona fatar yaro.

Sai dai akwai inda suka fi mu, kuma shi ne ke hana ni barci. Ba sa jin kunyar nasu. Sun ɗauki idon kwalba sun buga a riguna da kofuna, suna sayar wa baƙi a filin jirgi da kuɗin Turai. Mu kuwa da mun sauka ƙasar wani sai mu tura kasko ƙarƙashin gado. Na san gidajen Hausawa a nan da aka haifi yara har suka shiga makaranta ba su taɓa shaƙar gajiji ba, ba su san bambancin hawi da sandal ba, sai fesa turaren gwangwani da ke wa ɗaki warin asibiti.

Ga mai son yi a bene ba tare da an buga mata ƙofa ba, abin ba wuya. Gawayin shisha na ɓawon kwakwa ya fi, guda ɗaya ya isa ɗaki, a kunna shi a baranda a jira minti goma har ya yi fari da toka ko'ina, don baƙin gawayi shi ke kawo hayaƙi mai ɗaci da ciwon kai. A shimfiɗa yashi ko toka a gindin kasko. Turaren kada ya wuce abin da yatsu uku suka ɗauka, a ɗora shi a gefen garwashin ba tsakiya ba, don sukarin da aka haɗa shi da shi saurin ƙonewa yake yi ya koma ƙauri. A toshe ƙasan ƙofar waje da jiƙaƙƙen tawul, a buɗe taga kaɗan, a fitar da jariri sai hayaƙin ya lafa, kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki ko da sanyi ya kai yaya.

Mai jegon nan yanzu a banɗaki take yin nata, ta kunna fankar da ke zuƙe iska, ta rataya kayan yaron a jikin ƙofa su ɗan kama. Ta ce ƙamshin ba ya kwana. A gidansu na Kano kuwa, in ka buɗe akwatin mahaifiyarta, zanen da aka ninke tun bara ma da shi yake fitowa.