Sirdin Baba da tarkon Bajamushe

Takalmana suna waje, ni ina durƙushe a zauren surukina, kaina a ƙasa, ina neman ta inda zan faro yi wa dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya bayanin abin da ya kai sirdin dokinsa kan tayar keke. Wallahi gara a ba ni aji uku a haɗe ranar Juma'a.

Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a nan Argungu, kuma wani ɗan masunta da ke zama a bencin baya shi ya jawo mini. Ina cikin bayani cewa iskar ajinmu ƙwayoyi ce 'yan mitsi-mitsi, kowace tana sheƙa gudun kusan mita 500 a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan kai-komon shi muke kira zafi, sai ya ɗaga hannu.

"Malam, abin da ba a gani, ga shi da gudu haka, wa ya taɓa kama shi? Mu ko giwan ruwa sai an fito da shi daga Matan Fada ake ɗora shi a sikeli."

Na ce an kama. Ya ce, "Da wace homa?" Aji ya kwashe da dariya. Na ce su ba ni zuwa Laraba.

Daren nan na kwana karatu, fanka a tsaye, sauro na ta hidimarsa. Matsalar tsohuwa ce. Tun 1842 wani limamin coci masanin lissafi a Ingila, Samuel Earnshaw, ya nuna cewa ƙarfin lantarki mai tsayawa wuri ɗaya ba zai riƙe ƙwaya mai caji ba. Kana so ka yi mata ƙwarya ta zauna a tsakiya, amma duk yadda ka jera ƙarafanka, abin da zai fito maka siffar sirdi ce: gaba da baya tudu, hagu da dama gangare. Ka tare nan, ta zille ta can. Sai a shekarun 1950 Wolfgang Paul na jami'ar Bon a Jamus ya zo da dabarar da ta ba ni dariya don sauƙinta. Tunda dole sai an bar ƙofa, to a riƙa canja wa ƙofar wuri. Kafin ƙwayar ta gangara hagu, hagun ya zama tudu. Ta juya gaba, can ma an rufe. A tarko na gaske, cikin bututun da aka zuƙe wa iska, lantarkin kan yi wannan sauyi sau miliyoyi a daƙiƙa. Da wannan ya samu rabonsa na kyautar Nobel ta 1989, tare da Hans Dehmelt wanda ya haɗa maganaɗisu da lantarki ya tsare ilaktoron, 'yar ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, guda ɗaya tak a 1973. Kuma don ya gamsar da masu kunnen ƙashi irin ɗan masuntana, Paul ya kan ɗora ƙwallon ƙarfe a kan wani faranti mai siffar sirdi, ya sa farantin juyawa, ƙwallo ya zauna daram.

Ina ganin kalmar sirdi sai zuciyata ta tafi ɗakin soron surukina. Can yake rataye, lulluɓe da tsohon zane, sirdin da Baba ke hawan salla da shi tun matata ba ta yi wayo ba. Ko jikokinsa ba sa taɓa shi.

Ƙanin matata na nema. Katin waya na dubu ɗaya ya ishe shi ya sayar da gidansu. Ya ce Baba ya tafi ta'aziyya Gwandu, sai jibi. Da magariba ya kawo mini sirdin a buhun shinkafa. Mai facin bakin kasuwa ya kifa wani tsohon turmi, ya kafa masa gindin tayar keke a kwance, tana juyawa sumul, ya kuma tono mini ƙwallon boris mai girman lemun tsami. Ya tambaye ni ko sabon injin casa nake ƙerawa, na ce kusan haka. Likkafun nan biyu, manya na ƙarfe, na ga kwance su zai ci lokaci, sai na naɗe su a ƙarƙashi da igiyar rama. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Da safe na ɗauki tulun matata ma. Ta ce ina za ni da shi, na ce aikin gwamnati ne, kafin azahar yana gida.

Laraba, tsakiyar Afrilu, zafi ya haura 40, kwanon aji har ƙara yake. A irin wannan rana na tsaya ina gaya wa yara cewa sanyi yana da ƙarshe, digiri 273.15 ƙasa da sifili, inda kai-komon ƙwayoyi ya kai maƙurar ƙanƙanta. Wata yarinya ta ce a kai ta can ko na minti biyar ne.

Na fara da sanyayawa, wato rage wa ƙwaya gudu don ta kamu, na ajiye sirdi a rufe don ya zama na ƙarshe. Atam, wato ƙwayar zarra, in ba shi da caji, tarkon Paul bai san da zamansa ba, sai a bi shi da leza, wani siririn haske mai launi ɗaya tak, daga kusurwa shida: gaba, baya, hagu, dama, sama, ƙasa. Dabarar tana cikin saitin hasken. Kowane atam yana da launin da yake haɗiya, sai a saita lezar ta gaza wannan launi kaɗan. Wanda ke tahowa wajen hasken zai ga launin ya ƙaro ya yi daidai, kamar yadda ham ɗin tirela ke tsini in tana tunkaro ka a hanyar Sakkwato, ya yi kauri in ta wuce. Sai ya haɗiye, hasken ya ɗan tura shi baya. Wanda ke gudun hasken kuwa ba abin da zai taɓa shi. Ture ɗaya bai fi ya rage wa atam ɗin sodiyam santimita 3 a daƙiƙa ba, don haka sai an yi masa dubun-dubatar. A 1985 Steven Chu da abokan aikinsa a Amurka suka kai sodiyam kashi 240 cikin miliyan na digiri ɗaya sama da ƙarshen sanyi, atam na ta ɗingishi kamar ƙudan da ya faɗa ruwan mazarƙwaila. Shi da William Phillips da Bafaranshe Claude Cohen-Tannoudji suka karɓi Nobel ta 1997.

Don su gani da ido na sayo gyaɗa mudu guda. Monita ne atam. Yara shida ne leza, huɗu a kewaye, ɗaya a kan tebur, ɗaya kwance a ƙasa. Doka ɗaya ce: kada ka jefa sai in kai ya tunkaro. Dokar ba ta yi daƙiƙa goma ba. Aji duka ya zama leza, har da waɗanda ke da tsohuwar ƙullalliya da monita tun zangon farko. Shi kuwa gogan ya tsaya cik a tsakiya ya wangale baki. Na ce madalla, atam ya tsaya, kuma lalle haɗiya yake yi, amma ka sani atam na gaske yana mayar da hasken da ya haɗiya, ta kowace fuska ya ga dama. Ya ce, "Malam, wannan sai dai a yi haƙuri."

Tulu ne ya fi ba ni sauƙi, don kowa ya san shi. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, ƙwayoyin da suka fi zafin kai su tsere cikin iska, na ciki su huce. Haka Eric Cornell da Carl Wieman suka yi a Kolorado a 1995: bayan leza ta gama nata, suka riƙe atam ɗin rubidiyam da maganaɗisu, suka riƙa barin masu rawar kai suna ficewa, har saura wajen 2,000 suka kai kashi 170 cikin biliyan na digiri ɗaya, suka haɗe suna abu kamar jiki guda. Na ce kakanninku sun riga su, sai dai ba su rubuta ba. Yara suka yaba da bayanin ƙwarai, suka shanye rabin ruwan.

Sannan na yaye buhu.

Aji ya yi tsit. Jar fata, ɗinkin zare mai ruwan zinariya, ƙanshin doki. Wani ya ce a hankali, "Wannan ai na gidan su matar Malam ne." Na yi kamar ban ji ba. Na ɗora ƙwallo ba juyi, ya gangara gefe ya faɗi. Na ce kun ga Earnshaw. Na kira ɗan masunta, tunda shi ne mai gardama, na ce juya tayar. A hankali, ƙwallo ya faɗi. Ƙara. Ya faɗi. Ƙara!

Ina da shaidu sittin da wani abu: akwai daƙiƙa biyu da ƙwallon nan ya zauna a tsakiyar sirdi yana 'yar karkarwa, bai faɗi ba. Na yi ihu, "Ga shi! Ga shi nan!" Yaro ya ɗauka cewa nake ya ƙara. Hannun da ya saba tuƙa kwalekwale ne. Igiyar rama ta ce ga garinku nan, likkafu suka buɗe kamar fukafukin shaho, suna yankar iska, fuu, fuu. Ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙarƙashin tebur ba, na tarar monita ya riga ni.

Ƙwallo ya fita ta taga. A gindin dalbejiyar da ke gaban ofis akwai tsohon rim ɗin mota da muke bugawa a matsayin ƙararrawa, kuma duk faɗin filin nan nan ya zaɓa. Ƙarfe goma sha biyu saura, ana yunwa, ana zafi. Yara ba sa tambayar sau nawa aka buga. Makaranta ta watse. A daidai lokacin maɗaurin likkafar hagu ya tsinke, ta tashi ta sami tulu a ciki. Ruwan sanyi ya biyo siminti ya same ni inda nake, ya jiƙa mini wando.

Takardar neman bahasin da firinsifal ya ba ni ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne wayar ƙanin matata da na ji a kashe. Ashe Baba ya samu mota tun safe. A gida matata ta dubi wuyan tulun da na riƙo, ta dubi buhu, ta ce, "Da ni da Baba, rana ɗaya. Sannu da aikin gwamnati." Ta ce ana nemana a gida bayan la'asar.

Shi ne nake durƙushe. Baba ya daɗe yana juya tsinkakken maɗaurin a hannunsa.

"Malam, mi yak kai sirdina bisa ƙahwar keke?"

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, karatu ne." Na kwashe komai na gaya masa, tun daga ƙofar da ake canja wa wuri. Ga mamakina bai katse ni ba.

"Shi Bajamushen, da sirdin surukinai yay yi?"

Na ce a'a, Baba, nasa ƙera shi aka yi, santsi gare shi kamar madubi.

"Awo. Wanga bayanshi ya hi gabanshi tsawo. Kuma tun da nif faɗi na karye, ga hagu nika zama, tsakiyarshi ta koma can. Shekara talatin shina koyon mazaunina, kai ka zo rana guda ka ce shi riƙe ƙwallo."

Abin da ya faɗa shi ne daidai abin da na tsallake a karatuna: dole tudu da gangare su yi daidai wa daida, tsakiyar sirdi ta hau kan tsakiyar juyi, kuma gogayya da fata ita kanta tana fitar da ƙwallo. Na yi shiru. Ya tambaya su masu abin har tsawon wane lokaci suke riƙewa. Na ce Dehmelt ya tsare ƙwaya ɗaya watanni.

"Kai hwa?"

"Daƙiƙa biyu, Baba."

Ya juya kai gefe, na ga kafaɗarsa tana motsi. Ya ce in kai wa baduku, kuɗin gyara a kaina, in sayi tulu biyu, ɗaya na ɗiyarsa ɗaya na ladabi. Har na kai bakin zaure ina laluben takalmi ya kira ni. Ya ce in na sake tashin yi in zo da tayar nan gida yana son gani, akwai akumarin jaki a bayan rumbu.

Ranar Alhamis ina shiga aji na tarar da ƙwallon boris a kan teburina, cikin 'yar ƙaramar homa, an ɗaure bakinta da zare. Ɗan masunta yana bencin baya, ya sunkuyar da kai yana ta rubutu kamar mutumin kirki.